Commands & Colors: Ancients, yaya Romawa za su yi da kati huɗu a fagen Cannae?

Sabon_Dakare

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka jima suna buga Commands & Colors: Ancients, wasan allo na yaƙe-yaƙen zamanin da, na Richard Borg, da kamfanin GMT ya fitar a 2006. A kan fagen Cannae ne, wanda ke cikin akwatin farko. Littafi ya ba Hannibal na Kartaj kati shida, ya ba Varro na Roma huɗu, wanda ya riga tara tutar nasara bakwai (ɗaya kan kowane rukuni ko jagora da aka kashe) shi ya ci. Romawa suna da dakaru jingim a tsakiya, amma da sun matsa gaba sai dawakin Kartaj su share gefe biyu, kafin a ankara tuta uku ko huɗu sun tafi, sauran kuma su ƙare a cunkushe don babu gidan ja da baya. In aka tsaya ana jira, 'yan jifa su yi ta tsinke mutane ɗai-ɗai. Shin fagen ne aka gina don Roma ta faɗi kamar yadda ta faɗi a tarihi, ko akwai bugun da ya dace? Ina son bayani filla-filla: wa ake fara motsawa, ina ake ajiye jagora, wane kati ake riƙewa. Allah Ya saka da alheri.

Mai_Kwalkwali

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fagen ya karkata wajen Hannibal, wannan ba abin musu ba ne, kuma da gangan aka tsara shi haka. Ran 2 ga Agusta, 216 kafin Miladiyya, a bakin kogin Aufidus a kudancin Italiya, dakarun Roma sun kusa ninki biyu na na Kartaj, amma Hannibal ya fi su dawaki. Ya turo mutanen Gaul da na Sifen gaba a tsakiya, ya ajiye dakarunsa na Afirka a gefe biyu. Tsakiyar ta yi ta ja da baya, Romawa suna bi suna matsuwa, har Hasdrubal, kwamandan dawakin Hannibal, ya zagayo da dawaki ya rufe bayansu. Allon yana miƙo maka wannan tarkon a ɗane, ya rage naka yadda za ka tunkare shi.

Mafi yawan masu faɗuwa da Roma ba dawaki ne ke fara kashe su ba. Katin da ke hannu ya ce rukuni biyu, sai su aika biyu gaba, a cinye su, su sake aika wasu biyun. Ka fara da dokar tokara. Duk rukunin da ke da 'yan'uwa biyu a gidajen da ke manne da nasa yana iya ƙin tuta ɗaya da ta fito a dayis, wato alamar da ke tilasta ja da baya, ba tutar nasara ba. Wanda ya ƙi tuta bai bar gidansa ba, wanda kuwa ya rayu bai bar gidansa ba yana ramawa nan take, a cikin bugun abokin gaba, ba tare da ka kashe kati ba. Ga mai kati huɗu, ramuwa ita ce rabin saran da zai yi a wasan gaba ɗaya. Duba lissafin. In jan dakaru, wato manyan dakaru masu jan alama, suka jefa maka dayis biyar, yiwuwar tuta ɗaya aƙalla ta fito kusan kashi 60 cikin 100 ce. Yiwuwar biyu ko fiye su fito kusan kashi 20 ce. Wato rukunin da ke tsaye shi kaɗai ana kora shi sau shida cikin goma bai rama ba, wanda ke cikin sahu sau biyu kawai.

Sai jagora. Fuskokin dayis shida ne: kore, shuɗi, ja (launukan ƙananan rukunai, matsakaita da manya), takubba, kwalkwali, tuta. Dakarun shuɗi ko ja suna sara da launin wanda suka kai wa hari da kuma takubba, fuska biyu ke nan cikin shida. In akwai jagora a gidansu, ko a gidan da ke manne da nasu, kwalkwali ma sara ne, ya zama uku cikin shida. Shuɗi mai dayis huɗu ya tashi daga cire katako ɗaya da sulusi (katako su ne ƙarfin rukuni) a kowane hari zuwa katako biyu. Ja mai dayis biyar ya tashi daga ɗaya da sulusi biyu zuwa biyu da rabi. Yiwuwar ja ya share cikakken rukuni mai katako huɗu a jifa ɗaya ba ta kai kashi 5 ba in babu jagora, da jagora kuwa ta kusa 19. Saboda haka wurin jagora shi ne rukunin tsakiya a cikin uku da ke sahun gaba, na hagunsa da na damansa duk su ci albarkacinsa. Rukunin da yake ciki kuma yana ƙin ƙarin tuta ɗaya, sannan in ya kori na gabansa ko ya kashe shi, ya shiga gidan, yana da damar sara na biyu. Dakaru ba su da wannan damar sai da jagora a cikinsu, ban da mayaƙan Gaul da ke da ita a jininsu.

Masu sabon hannu suna ɓoye jagora a baya don tsoron kada ya mutu ya zama tuta. Tsoron ya fi haɗarin girma. In rukuninsa ya rasa katako bai ƙare ba, dayis biyu ake jefawa, sai duka biyun sun fito kwalkwali, sau ɗaya ke nan cikin 36. Haɗarin gaske yana zuwa ne in rukunin ya ƙare ƙurmus, a nan dayis ɗaya ake jefawa, ɗaya cikin shida. Dabarar ita ce a fitar da shi daga rukunin da ya rage katako ɗaya ko biyu, a mayar da shi cikin cikakke, ko da hakan zai ci umarni ɗaya daga katinka.

Yanzu tafiyar kanta. Dakarunka shuɗi da ja gida ɗaya suke tafiya. Mayaƙan Gaul, masu shuɗin alama mai farin baki, suna iya taka gida biyu muddin za su kai hari a ƙarshensa. Don haka su za su riga ka sara, sai dai in kana da katin Double Time, mai barin dakaru su taka gida biyu su yi faɗa. Kada ka ɓata kati kana neman riga su. Ka shirya karɓar saran a cikin sahu, jagora a wurinsa, kuma kafin su iso ka sa 'yan jifanka a kansu su kaɗai. Cikakken rukunin mayaƙa yana jefa dayis huɗu kuma yana ƙin tuta ɗaya, da ya rasa katako guda ya koma dayis uku, ƙin tutar ma ya tafi. Amma a lura: in a faɗan hannu da hannu ka cire masa katakon farko, har yanzu da huɗu zai rama a wannan karon, sai faɗan ya ƙare ragin ke hawa kansa. Shi ya sa katakon farko da jifa ake so a cire shi. Ɗan kore da bai motsa ba yana jefa dayis biyu, wanda ya motsa ɗaya. Da dayis biyu yiwuwar samu aƙalla sau ɗaya 11 ce cikin 36, ba ta da yawa, shi ya sa ake tara biyu ko uku a kan rukuni guda maimakon a warwatsa.

Batun cunkoso da ka ambata, daga sahu na biyu yake. Kowane gida yana da gidaje biyu a bayansa, ta nan kawai ake ja da baya, kuma ba a ratsa ɗan'uwa. In sahu na biyu ya manne da na farko babu ƙofa, duk gidan da aka kasa ja katako ɗaya ne ya tafi. Ka bar gida ɗaya fanko tsakanin kowane rukuni biyu na sahun baya. 'Yan kore su ne suka fi shan wuya a nan: tuta ɗaya gida biyu ce gare su, kuma zillewar da suke taƙama da ita, wato kauce wa hari ta hanyar ja da baya, ba ta yiwuwa in bayansu a toshe yake. Kore a gaban sahu babu ƙofa a baya, tuta ce ka ba Hannibal kyauta. Katin Order Light Troops yana barin koren dakaru su ratsa 'yan'uwansu, to da shi ake janye su bayan sahu kafin a haɗu.

Baraden_Gefe

Malam Mai_Kwalkwali ya gama da tsakiya. Bari in ɗauki gefe, don can ne tutocin farko ke zubewa.

Dawakin Roma ba za su ci faɗan gefe ba, kada ma a gwada. Aikinsu su rayu, ko in za su mutu su mutu a makare. Kuskuren da ake yi iri biyu ne, kuma na biyun ya fi na farkon muni. Na farko a bar su inda littafi ya ajiye su, su kaɗai. Na biyu a ja su can layin ƙarshe na allo ana cewa an ɓoye su. Shuɗin doki katako uku ne, kuma tuta ɗaya gida uku take kora shi. A layin ƙarshe babu inda za shi, gida uku da ya kasa ja katako uku ne, wato tuta ɗaya tak ta shafe shi ko da babu sara ko ɗaya a jifar. Wurin da ya dace shi ne dab da kafaɗar dakaru, ɗan baya kaɗan, inda rukuni biyu ke manne da shi, kuma akwai fili a bayansa. Katunan hagu da dama da kake ganin ba su da amfani a hannun Roma, ga aikinsu nan. Ka kashe su tun farko wajen gyara gefe, hannunka ya cika da na tsakiya kafin a haɗu.

A san wa ke iya zille wa wa. Shuɗin doki yana zille wa dakaru da manyan dawaki masu jan alama, amma ba ya zille wa shuɗi ɗan'uwansa ko koren doki. Mai zillewa gida biyu yake ja, launinsa kaɗai ke samunsa a dayis, takubba da kwalkwali da tuta duk banza, kuma wanda ya kawo harin ba shi da damar shiga gidan da aka bari. Wannan na ƙarshen shi ne muhimmi. Doki in ya kori abokin gaba ko ya kashe shi, yana shiga gidan, yana iya ƙara gida ɗaya, sannan ya sake kai hari. Da wannan ne jan doki mai jagora ke cin tuta biyu a bugu ɗaya, ya faɗo bayan sahunka. Zillewa tana yanke wannan sarƙar tun daga tushe. In jan doki mai dayis huɗu da jagora ya zo wa shuɗinka, tsayawa ka rama da dayis uku ba jarumta ba ce, zille.

Dawakin Numidiya kuwa, kada ka bi su. Gida huɗu suke tafiya, kullum suna iya zillewa, ba za ka kama su ba. Amma saransu dayis biyu ne, takubba ba sa yi musu aiki, don haka a kan cikakken rukunin dakaru ba su da haƙori. Haɗarinsu biyu ne: su ƙarasa rukunin da ya rage katako ɗaya, ko su tsaya a bayan sahunka su toshe gidan ja da baya. Maganinsu jifa ne, musamman tun suna kusa da nasu bakin allon. Tuta ɗaya gida huɗu take kora su, in layi biyu kawai ya rage a bayansu, katako biyu cikin uku sun tafi.

Na ƙarshen sahu a kowane gefe shi ne mai rauni, don maƙwabci ɗaya gare shi. A lanƙwasa sahun: a sa wani rukuni a bayansa ta wajen gefen, ya samu na biyun, kuma doki ya rasa hanyar zagayowa cikin sauƙi. Auxilia, masu koren alama mai farin baki, sun dace da wannan aikin. Dayis uku gare su, takubba suna yi musu aiki, suna jifa, kuma tuta gida ɗaya kawai take kora su. Sai dai a tuna ba sa zillewa.

Inda ban bi Malam gaba ɗaya ba shi ne batun ƙofa a sahu na biyu. Ga kore da doki, haka ne babu ja. Ga shuɗi da ja masu cikakken ƙarfi, wani lokaci toshewar alheri ce. Rukunin da aka kora ya kasa ja ya rasa katako ɗaya, amma yana nan a gidansa, kuma tunda yana nan, zai rama. Ja mai katako huɗu da jagora a gefensa, gara ya rasa ɗaya ya mayar da dayis biyar da ya ja baya ya bar rami a sahu, maƙwabtansa biyu su rasa tokara. Kuma a wannan wasan raguwar katako ba ta rage yawan dayis, mai katako ɗaya yana sara kamar mai huɗu. Sai rukuni ya koma biyu ko ɗaya ne ƙofar ke zama tilas.

Mai_Kwalkwali

Wannan gyaran daidai ne, na karɓa. Abin da zan ƙara, ƙin tuta zaɓi ne, ba dole ba. Rukunin da ya rage katako ɗaya, in tuta ta fito, karɓe ta ya fita daga bakin wuta, ko da yana da tokara. A Cannae kowane rukunin da ka tsirar ɗaya ne cikin bakwai da Hannibal ke nema.

Yaya_Mai_Lissafi

Ƙanena Sabon_Dakare, ka tambayi kati, ba wanda ya ƙirga maka su. Katunan 60 ne. Na sashe 27, na nau'in soja 10, na jagora 6, na dabara 17. Yawan katin hannunka ba zaɓi kawai yake rage maka ba, shi ne kuma iyakar umarninka a wasu katunan. Order Medium Troops a hannun Varro rukuni huɗu yake motsawa, a hannun Hannibal shida. Rally da I Am Spartacus ma haka, dayis huɗu kake jefawa shi yana jefa shida.

Katunan da ba ruwansu da wannan iyakar su ne dukiyar Roma. Line Command yana motsa duk dakarun da ke haɗe gida da gida, ko su takwas ne, ko sun ratsa sassa uku, kowa gida ɗaya sannan ya yi faɗa ko jifa. Huɗu ne a cikin 60, kuma yiwuwar ka samu ɗaya a katunanka huɗu na farko kusan ɗaya cikin huɗu ce. Katunan jagora kuma suna motsa gidan jagora da gidaje uku da ke haɗe da shi, ko huɗu in na Inspired ne. Dukkansu sharaɗinsu ɗaya, sahu a haɗe. Rami guda a tsakiyar sahu ya raba Line Command gida biyu, ka motsa rabi ka bar rabi. Shi ya sa in kana da katin rukuni biyu a farkon wasa, amfaninsa toshe rami da jawo na baya su daidaita, ba tura biyu gaba ba.

In ka haɗa duk katunan da ke iya tura tsakiyar Roma da gaske, wato na tsakiya tara, Inspired na tsakiya ɗaya, Leadership Any Section uku, Line Command huɗu, Double Time biyu, na shuɗi uku, na ja biyu, 24 ke nan. Kashi 40 cikin 100. Kati ɗaya kake ja a ƙarshen kowane bugu, don haka sau shida cikin goma abin da zai zo maka ba zai ci gaba da harin ba. Ƙa'idar da nake ba kowa: kada sahunka ya shiga tazarar da za a sare shi sai kana riƙe da irin waɗannan katunan biyu, uku in da hali. Ɗaya na shiga, ɗaya na ƙarasawa. Mai shiga da kati ɗaya yana sara sau ɗaya, sannan ya zauna da Order Two Units Left a hannu yana kallo ana naɗe shi.

Amma jiran yana da iyaka, a nan wahalar fagen take. Kowane bugu da ka kashe kana gyara hannu, Hannibal yana matso da dawaki. Bugu uku ko huɗu na shiri sun isa. In hannun bai gyaru ba, shiga da abin da ke akwai kafin gefe ya buɗe.

Katuna uku da ake ɓatawa. Double Time, rukuni huɗu a haɗe su taka gida biyu su yi faɗa, ba na rage tafiya ba ne, na riga sara ne. Riƙe shi sai tazara ta zama gida biyu fanko tsakaninku. Clash of Shields guda ɗaya ne a cikin katunan, yana ba duk rukuninka da ke manne da abokin gaba ƙarin dayis biyu, babu motsi kafin faɗan. Ja da jagora dayis bakwai ke nan. Kada ka buga shi a kan rukuni ɗaya ko biyu in kana iya jiran bugu guda ya zama huɗu, kuma ka tuna in ba ya hannunka yana iya kasancewa a hannun wancan, musamman in ka ga ya manna maka rukunai ya bar su a nan ba ya tsoro. Counter Attack biyu ne, yana maimaita katin da abokin gaba ya buga yanzu. A hannun mai kati huɗu, ajiye shi ake yi sai wancan ya buga Line Command ko katin jagora.

Abu na ƙarshe, inda tuta bakwai za su fito. Tsakiyar Hannibal ba za ta ba ka bakwai ba, don korensa za su zille, mai wayo kuma zai ja da mayaƙansa baya ka bi shi. In ka bi shi miƙe, jan dakarunsa na gefe biyu su juyo ciki, ka maimaita tarihi. A ganina gara sahun ya karkata wajen gefe ɗaya tun daga nesa, ka tara ja da jagora a kan jan dakarunsa guda, ɗayan kuma, mai tafiyar gida ɗaya a bugu, ya ɓata lokaci yana tahowa daga wancan bakin allon.

Sabon_Dakare

Madalla, na gode ƙwarai, Yaya. Tambaya ɗaya ta rage. A Cannae babu giwa, amma a Bagradas da Zama akwai. Shin wannan tsarin na matse sahu yana aiki a gaban giwaye, ko a can sai an canza?

Baraden_Gefe

Sai an canza, don giwa ta fi son abin da ya fi ƙarfi. Ba ta da adadin dayis nata na kanta, tana jefa adadin da wanda ta kai wa hari zai jefa mata. A kan jan dakaru biyar, a kan shuɗi huɗu, a kan kore biyu. Duk takobin da ya fito mata sara ne, kuma ana sake jefa wannan dayis ɗin har sai ya daina fitowa takobi. In ka lissafa, a kan ja tana cire kusan katako biyu a hari, a kan kore ƙasa da ɗaya, koren ma zille mata zai yi. Ita kuma takubba ba sa kama ta, sai jan alama, ko kwalkwali in mai saranta yana da jagora kusa. To ka ga jan dakaru ba tare da jagora ba su ne abincinta: biyar take jefa musu, su kuma fuska ɗaya cikin shida ke yi musu aiki.

Rauninta katako biyu ne kawai, ba ta samun tokara, jagora ba ya ƙara mata komai. Don haka 'yan jifa ake sawa gaba, a harbe ta tun tana cikin sahun masu ita. Ja biyu sun kashe ta. Tuta kuwa ta fi daɗi: kafin ta ja baya sai ta haukace, a jefa dayis biyu a kan duk rukunin da ke manne da ita, nata ne ko naka, launin da ya dace ya cire katako. In kuma bayanta a toshe yake, ba ita ke rasa katako ba, wanda ya tare mata hanya ke rasawa. Kada a tura mata doki. Tana ƙin ja ɗaya da tuta ɗaya daga doki ko karusa, dokin kuma yana ƙara gida ɗaya a kan kowace tuta da ta jefa masa.

Fagagen biyu suna bin abin da ya faru. A Bagradas, 255 kafin Miladiyya, Regulus na Roma ya tara dakarunsa da kauri a gaban giwaye kusan ɗari na Xanthippus, kwamandan Kartaj, aka tattake su, shi kansa aka kama shi. A Zama, 202, Scipio na Roma ya bar hanyoyi a tsakanin rukunansa, ya cika su da 'yan jifa, giwaye tamanin na Hannibal suka bi ta ciki ko suka juya kan nasu. A allo ma'anarsa kore gaba, ƙofofi a buɗe a bayansu, ja a baya har sai giwa ta mutu ko ta makale a gaban rukuni biyu da jagora. Mai giwa kuma ya sake ta da wuri, nesa da nasa mutanen, a kan ja ko doki. Mounted Charge yana kai ta gida uku da ƙarin dayis ɗaya. Ajiye ta a sahu ana tanadi ba ya haifar da komai sai ta tattake maƙwabtanta.

Yaya_Mai_Lissafi

Tunda fagagen nan ba a daidaita su ba, Cannae da Bagradas da Trasimenus musamman, kada ku auna gwaninta da wasa ɗaya. Ku buga sau biyu, ku musanya ɓangare, ku haɗa tutocin. In ka ci bakwai da biyu kana Hannibal, aka ci ka bakwai da biyar kana Varro, jimla 12 da 9, kai ne a gaba. Wannan yana canza bugun Roma a ƙarshen wasa: ko ka ga faɗuwa ta tabbata, tuta ta huɗu da ta biyar suna da daraja, don haka a bugun ƙarshe ka zaɓi rukunin da ya fi kusa da mutuwa ka tara masa hari, ka fara da mai dayis mafi yawa don kada ya samu ramawa.

Don koyon riƙe sahu kuwa, Akragas, fagen farko a littafin, ya fi Cannae. Rukunai kaɗan ne, babu giwa, fili a buɗe, kuma mutanen Siracusa suna da jan dakaru da dole a kai su gaba gida ɗaya-ɗaya ba tare da sahun ya tsinke ba.

Mai_Kwalkwali

Ƙaramin ƙari a kan wa ke fara sara, don yana ruɗa mutane. Ana gama duk motsi tukuna, sannan a yi faɗa ɗaya bayan ɗaya, kowane a kammala shi har da bin gida da sara na biyu kafin a shiga na gaba. In rukuni biyu za su sari abu ɗaya, maganar Yaya ta farawa da mai ƙarfi tana aiki ne in akwai kyakkyawar yiwuwar kashewa ko kora. In wanda za a sara cikakke ne kuma yana da tokara, ramuwa za ta zo ko ta yaya, to wanda ya fi yawan katako ya fara, ya sha ramuwar, mai rauni ya zo na biyu lokacin da abin ya kusa faɗuwa. In kuma na farkon ya kore shi, na biyun ya rasa abin sara, sai dai in akwai wani abokin gaba manne da shi. Tun wajen motsi ake duba wannan, a ajiye na biyun a gidan da ke taɓa rukunai biyu.